Rijiyar da Ta Rufta Tsakanin Baffa da Kawu

Haƙar rijiya ce sana'ata tun ina saurayi har zuwa lokacin da gwiwa ta hana ni sauka rami. A wurin wani dattijo mutumin Bebeji na koya, na yi yawo da ita daga ƙasar Kiru har Tudun Wada. A cikin duk rijiyoyin da na haƙa, guda ɗaya ce tak ta rufta mini.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Ƙanensa, wanda nake kira Baffa, shi ya riƙe ni ya koya mini noma. Wan mahaifiyata kuma, Kawu, shi ya yi mini aure. Su biyun aminai ne tun suna yara. Baffa dogo ne marar yawan magana, Kawu gajere mai murya kamar kalangu, amma hali ɗaya ya haɗa su: ba sa son wani ya tsaya a kansu ya ce musu yi ko bari.

'Yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, muna zaune a wani tsohon gari mai ganuwa a ƙasar Kiru. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da mata ɗaya da ɗa ɗaya. Wata damina dagacin garin ya kira gayya a gonarsa har sau uku a tsakiyar noman farko, alhali ciyawa tana cinye gonakinmu. A karo na uku Baffa ya ɗauki fartanyarsa ya wuce gonarsa kamar bai ji ba. Kawu kuwa zuwa ya yi ƙofar dagacin ya faɗi abin da ke ransa a gaban jama'a. Aka zaunar da su biyun a rana tun hantsi har azahar. Da aka sallame su, Baffa ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Ni na gama zama a garin nan." Kawu ya ce, "Da ma kai kaɗai nake jira."

Bayan girbi muka tashi, gida shida, muka nausa kudu cikin daji, muka sari wuri a gefen wani rafi. Kowa ya yi sassabe iya ƙarfinsa. Ba mai unguwa, ba ɗan aike. Haraji ma da kanmu muke kaiwa gari tun kafin a nema, don kada wani ya sami dalilin takowa wurinmu. Na ga Baffa yana dariya a shekarar nan fiye da duk wadda na taɓa gani ya yi.

Ruwa ne kaɗai matsalarmu. Rafin yana ƙafewa da rani. Mata su tona rairayi su jira ruwa ya tsatso, in bazara ta yi nisa kuma sai sun yi tafiya mai tsawo zuwa babban kogi. A shekara ta biyu na ce zan haƙa mana rijiya. Na zaga dajin ina duba itatuwa da launin ƙasa, har na tsaya a gindin wani ɓaure da ba ya zubar da ganye ko da rani. Wurin ya faɗa a gefen gonar Baffa, cikin abin da ya sassabe da gatarinsa. Ba wanda ya ga abin damuwa a nan. Ni ma ban gani ba.

Baffa ya ce abincin aikin duka a wuyansa, har akuya ya yanka ranar da muka fara. Kawu shi ke bakin rami yana jan igiya, yana fitar da ƙasa ƙwarya bayan ƙwarya. Ni ke ciki da dagi. Zurfin gaba uku na sama rairayi ne mai laushi, sai jar ƙasa, sai marmara wadda ta cinye mini fiye da mako biyu, tafin hannuna duk ya fashe. A gaba ta goma sha ɗaya na buga dagi na ji sanyi ya hau ƙafata. Na ɗebi ruwan a ƙwarya aka ja sama. Kawu ya miƙa wa Baffa ya ce ya fara sha, Baffa ya ce a'a shi ya fara, suna ta yi har rabin ruwan ya zube.

Da na fito, tun kafin in wanke jikina, na gaya musu: "Rairayin nan na sama ba zai jure damina biyu ba. Dole a ɗaure bakin rijiyar da duwatsu, a gitta itacen ƙirya. In an tara maza ashirin, aikin kwana huɗu ne." Duka biyun suka ce in sha Allahu. Daminar farko ta zo da sauƙi, na kare bakin da kirare da laka, muka tsallake.

Da rani ya dawo, labarin rijiyar ya bazu. Gidaje huɗu suka ƙaru. Wani Arɗo kuma ya kafa ruga kusa da mu, yana kawo shanunsa shan ruwa. Baffa ya riga ya yi ɗan lambu a gefen rijiyar, albasa da tattasai da yakuwa. Wata safiya shanun suka kufce wa masu kiwo suka tattake lambun kaf. Arɗo ya zo da kansa ya ba da haƙuri, ya kawo ƙwaryar man shanu. Baffa ya karɓi haƙurin. Washegari kuma ya sassaro ƙaya ya kewaye lambun da rijiyar da shinge, ya bar ƙofa ɗaya.

Bai hana kowa ruwa ba, wannan dole in faɗa. Cewa ya yi duk mai so ya yi sallama a gidansa, a buɗe masa. Da Arɗo kuma suka shirya, shanu su sha ruwa, su riƙa kwana a gonar Baffa suna zuba taki.

Bayan la'asar muna zaune a gindin tsamiyar da muke salla, Kawu ya juyo wajen Baffa.

"Malam, me na gani a bakin rijiya?"

"Shinge ka gani."

"Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana ke nan?"

"Wa na hana? Kawo mini mutum ɗaya da ya zo ya koma da tulu busasshe."

"Ba hanawa nake magana ba. Tambaya nake magana. Yau matata sai da ta tsaya a ƙofarka ta yi sallama kafin ta sha ruwan da Allah ya ajiye a ƙasa tun ba a haifi kakanka ba."

Baffa ya ce, "Allah ya ajiye shi, gaskiya ne. Shekara nawa yana ajiye a can ba wanda ya sha? Da gatarina na sare wurin nan, da hatsina aka haƙa. Abin da hannuna ya yi nawa ne. In ba, in hana, in sayar, ba mai ce mini don me. Ba don haka muka bar gari ba?"

"Ba don haka muka bar gari ba," in ji Kawu. "Mun bar gari ne don kada wani ya riƙe abin da ba mu iya rayuwa sai da shi, ya ce sai mun durƙusa. Gugan naka ne, igiyar taka ce, albasar taka ce, duk wanda ya taɓa su ni zan fara riƙe masa wuya. Amma ruwa da ƙasa ba ɗan da ya yi su. Wanda ya kewaye ruwa ya zama dagaci, ko da bai naɗa rawani ba."

Wannan kalma ta soki Baffa. Ya ce, "In kuma jama'a ce za ta zauna ta yanke mini yadda zan yi da gonata, to jama'ar ta zama dagaci. Gara ma wancan, shi ɗaya ne, na san ƙofar gidansa."

Na sa baki na ce, "Baffa, Kawu, maganar duwatsun nan fa?" Ba wanda ya ko waiwayo ni.

Shekaru masu yawa bayan haka, wata jikata da ta yi karatu mai zurfi ta ji ina ba da labarin nan, ta ce ai masana siyasa sun san irin su Baffa. Wai masu aƙidar kada kowa ya mallaki kowa kashi biyu ne, na dama da na hagu. Sun yarda mutum shi ke da kansa da guminsa, kuma hukuma ta janye hannunta. Inda suka rabu shi ne a kan ƙasa da ruwa da daji: na dama suka ce na wanda ya riga kamawa ya yi wa aiki ne, na hagu suka ce na kowa ne, mai kamawa sai ya bar wa saura rabonsu. Na tambaye ta ko a littafin an faɗi wanda zai ɗauko duwatsu. Ta ce ba ta kai wurin ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kowannensu yana samun hujja kusan kullum. Kawu ya rataye guga da igiya a jikin ɓauren ya ce na kowa ne, kada mace ta sha wahalar ɗauko nata. Kowa ya ja, ba wanda ya duba igiyar, har ta tsinke gugan ya faɗa ciki. Ni na sauka na ɗauko. Baffa yana tsaye a sama ya ce, "Ka gani ko? Abin kowa, marayan Allah." Ba a yi mako biyu ba Baffa ya tafi kasuwar Doguwa ya kwana uku. Iyalinsa suka ji tsoron buɗe ƙofar ga baƙi ba da izininsa ba. Wata Bafillatana ta zo da goyo da tsakar rana, ta yi ta sallama, aka ce mai gida ba ya nan, ta juya. Matata ce ta bi ta da tulu, matar tana ta cewa "mi yetti, mi yetti", tana godiya kamar an ba ta saniya. Kawu ya yi kwanaki yana maimaita labarin ga duk wanda ya gamu da shi.

Daga nan Kawu ya ce gidansa ba za su ƙara shan ruwan roƙo ba. Matansa suka koma tonon rairayi. Har tuwon da matata ke aika masa ya fara mayarwa, wai da ruwan shinge aka tuƙa.

Ni kuwa kullum da safe ina zuwa in duba bakin rijiyar. Rairayin yana zubewa kaɗan-kaɗan, har wata 'yar tsaga ta fito ta gabas. Gawo ya fara zubar da ganye, alamar damina ta kusa.

Na sami Baffa a lambu na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baffa, ka ba ni izini in kira gayya. Kwana huɗu ne."

Ya ce, "Ba za a yi gayya a rijiyar nan ba. Duk wanda ya sa dutse ɗaya ya sami bakin magana. Gobe ya ce da guminsa a ciki. Ka bari in sayar da albasa, in ɗauki 'yan ƙodago."

"Albasar nan sai bayan wata guda. Ruwa ba zai jira albasa ba."

"To ba zai jira ba."

Na tafi wurin Kawu. Ya ce, "Ɗana, maza ashirin suna hannuna, har da samarin ruga. Gobe-goben nan mu fara. Kalma ɗaya kawai zai faɗa a gaban mutane, ya ce rijiyar ta kowa ce."

"Kawu, a ɗaure ta tukuna, in ta tsaya sai ku ci gaba da gardamarku har Mahadi ya bayyana."

"In muka ɗaure masa ita a haka, mun gina masa gadon sarauta da hannunmu."

Na yi wannan zirga-zirga ta fi sau goma. Wata rana haƙurina ya ƙare. Na same su a gindin tsamiya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa. Na tsaya a tsaye, abin da ban taɓa yi a gabansu ba, na ce, "In wanda ya yi aiki shi ke da abu, ni na shiga ramin nan. Ga hannuna ku duba. To ni na ce a ɗaure ta."

Baffa ya dube ni ya ce, "Kai da bakinka ka ce za ka haƙa, na ciyar da kai, ka ci. Aikinka ka riga ka bayar."

Kawu ya ce, "Kai ma ba taka ba ce. Rami ka haƙa, ba ruwa ka yi ba."

Watanni ke nan ba su yarda da juna a kan komai ba, sai a kan cewa ni ba ni da ta cewa.

Sai na ɗauki jakina na fara jigilar duwatsu ni kaɗai daga wani tsauni da ke yamma da mu, sawu uku a rana. Na tara tsibi babba a bakin shingen. Ranar da zan fara shigar da su, Baffa ya tare ƙofa. Ba da faɗa ba. Ya ce, "Na ga wahalarka, Allah ya yi maka albarka. Ga tunkiya can, ka kama, duwatsun su zama nawa, sai ka ɗaure." Kafin yamma maganar ta kai kunnen Kawu. Ya aiko aka kira ni ya ce, "In ka karɓi tunkiyar nan ka sayar da ruwan garin nan, kuma kada ka ƙara kirana Kawu."

A nan nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Da na kama tunkiyar na ɗaure rijiyar, da Kawu ya yi fushinsa ya huce. Amma raina ya ɓaci da Baffa, mutumin da ya rene ni, yana son ya saye ni kamar baƙon ɗan ƙodago. Na kuma ji tsoron bakin Kawu. Na ce ba zan karɓa ba, kyauta na kawo. Baffa ya ce shi kuma ba ya karɓar kyautar da za a yi masa gori da ita. Duwatsun suka zauna a waje, ƙadangaru suna shan hantsi a kansu.

Ruwan farko ya sauka, tsagar ta buɗe har hannuna yana shiga. Na biyu ya wuce. Na uku ya zo da tsakar rana, irin mai iska, ina gona ina shuka. Na ji wani sauti kamar an kayar da katanga. Ban ma gudu ba, na san ko mene ne. Da na isa, bakin rijiyar ya zama kwari mai faɗi, rabin shingen ya bi shi ciki tare da kunya biyu na albasa. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Baffa da Kawu suka iso a jiƙe, suka tsaya ɗaya nan ɗaya can. Na juya na koma shukata, ina buga sungumi kamar ƙasar ce ta yi mini laifi.

Daminar nan ruwan tafki muka sha. Da rani Arɗo ya tashi da rugarsa, muka rasa nono da taki. Na ce a sake haƙa wata a wani wuri, maganar ta koma inda ta tsaya: a gonar wa, ta wa. Da wata daminar ta zagayo, kurkunu ya fito wa mutum bakwai a 'yan gidajen nan namu. Matata tana ciki. Ta kwanta wata biyu, ƙafa a kumbure, ga ciki, ina naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya tana cije leɓe. Wata rana ta ce mini, "Mai gida, kai ne mai haƙar rijiya, amma matarka ruwan kwaɗi take sha." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari na sa rigata na tafi gari, na faɗi a gaban dagacin da muka gudo wa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa muke nema." Ya bar ni a durƙushe ya ɗan jima yana murmushi, sannan ya tambayi lafiyar iyayena biyu, Baffa da Kawu, ya ce ya ji an ce sun kafa garin da ba a sarauta.

Ba a yi kwana goma ba wakilinsa ya zo, tare da wani ɗan ƙanen dagacin da aka ce shi ne mai unguwarmu daga ranar. Aka buga ganga, aka ce kowane gida namiji ɗaya, wanda ya ƙi zai gani. Bayan ɗaukewar ruwa na haƙa sabuwar rijiya a ƙofar gidan da aka gina wa mai unguwa. Duwatsun nan nawa aka kwaso aka ɗaure ta da su, kuma kwana huɗun da na faɗa tun farko, kwana huɗun aka yi.

Baffa da Kawu ba su fito ba. Suna zaune a tabarma ɗaya a gindin tsamiya, suna cin goro ɗaya. Fushin da suke yi da ni ya sake haɗa su. Na zo gaishe su, Kawu ya ce, "Sannu, ɗan dagaci." Baffa ya kau da kai. Na ce, "Matata ce ke kwance, ba taku ba." Ban taɓa gaya musu magana mai zafi irin wannan ba, kuma ban janye ba. Suka yi kusan shekara ba sa amsa mini sai da ƙyar.

Kawu ya zauna a garin har ƙarshen ransa, yana sa-in-sa da mai unguwa a kan kowane abu. Baffa kuwa bayan girbi ya ce zai ƙara gaba, can wajen Doguwa, inda daji bai ƙare ba tukuna. Ranar tafiyar na je taya su ɗaurin kaya, ko da yake ba a kira ni ba. Kawu ne ke ƙulla masa igiyar mangala, idonsa ya yi ja.

Baffa ya ce, "Malam, gonar nan tawa na ba ka, da ɗorawar da ke ciki."

Kawu ya tsaya da ƙullin. Ya ce, "Ba ka ba ni ba. Ka tashi, ƙasa ta koma yadda take, ni kuma zan noma don ba kowa a kai."

"Na ce na ba ka. Ka ce ka karɓa."

"Yaya zan karɓi abin da ba naka ba?"

Mata sun ɗauki kaya a ka, yara sun fara kuka, rana tana ta ɗagawa. Ina riƙe da jakin Baffa har ya gaji ya fara cin ciyawar bakin hanya. Ina da rijiyar da zan yashe a Badafi ranar, an riga an aiko mini sau biyu. Na ɗaure jakin a jikin wani kututture, na ce Allah ya kiyaye hanya, na ɗauki igiyata da ƙwaryata na kama hanya. Har na haye rafin ina jiyo muryar Kawu.